Shinshinau da 'Yar Ladan

Shinshinau ya zuƙi iska, ya riƙe ta daƙiƙa biyu a cikinsa, sannan ya kunna farar fitila. Mutumin da ke tsaye a tsakiyar ƙofar ya gyara hularsa ya wuce, na bayansa ya shigo. Fara. Wata mai goyo ta shigo, fara. Sai ga wani dattijo a keken guragu mai tuƙa kansa. Fitilar ta koma shuɗiya, muryar na'urar ta fito tar, har masu sayar da ƙosai a bakin tashar jirgin ƙasa mai bi ta kan gada sai da suka waiwayo: "Majinyaci mai rajistar man wiwi. Doka ta kare ka. Wuce lafiya."

Dattijon ya sunkuyar da kai, ya matsa wa kekensa lamba, ya ɓace cikin mutane.

Barira tana can saman tsani a gefen ƙofar da kwalbar ruwan sukarin da ake ciyar da na'urar a hannu, ko leƙowa ba ta yi ba. Shekara goma sha ɗaya tana wannan aiki, ta ji maganar nan fiye da yadda ta ji sunanta. A takarda, ma'aikatan kula da na'urar tantance numfashi ake kiran irinsu. A gari kuwa masu wankin hanci ake ce musu, kuma wallahi wannan sunan ya fi dacewa.

Wanda bai san birnin Sabon Tsauni na shekarar dubu biyu da casa'in da ɗaya ba, bari a yi masa bayani. Kowace unguwa tana da katanga, kowace katanga ƙofa ɗaya gare ta, haka tasha, haka kasuwa, haka asibiti, kuma a kowace ƙofa akwai Shinshinau. Ba ƙarfe ne zalla ba. A cikinsa akwai faifan gilashi mai faɗin tafin hannu, an shuka masa ƙwayoyin halitta da aka ciro daga hancin gafiya aka raina a ɗakin gwaji. Rayayyu ne, suna cin abinci, suna gajiya, in aka bar su da datti har mura suke yi. Da mutum ya shiga ƙofar, sai wasu ƙananan ramuka su kwashi numfashinsa da warin fatarsa su kai wa faifan. Ko ɗigo ɗaya ka sa a harshe shekaranjiya, ya ji. In fitila ta yi fari, ba komai a jikinka. In ta yi ja, ka sha abin da aka hana, ƙofa ta rufe da kai sai 'yan sanda sun zo.

Shuɗiyar kuma, Dokar Kariyar Majinyata ce ta haife ta. A yi wa waɗanda suka rubuta dokar adalci, da kyakkyawar niyya suka yi. Kafin ita, an sha kama masu sikila da masu farfaɗiya da masu ciwon daji da kwalbar maganinsu a aljihu, a yi musu dukan kawo wuƙa a jefa su a bayan kanta. Dokar ta ce duk wanda likita ya rubuta wa man wiwi, ya kuma yi rajista, ba mai kama shi, ba mai korarsa daga aiki, ba mai tashinsa daga gidan haya. Sai wani mai hikima a majalisa ya ce, to in mai gadi ya yi kamar bai ga fitilar ba fa? A sa na'urar ta faɗa da baki, kowa ya zama shaida. Aka tafa masa. Ina jin bawan Allahn nan bai taɓa zama a unguwa ba. Kafin shekara ta zagayo, an raɗa wa majinyatan suna, 'yan shuɗi. Ba a kore ka daga aiki ba, gaskiya ne, amma a gidan suna kai kaɗai za a zuba wa abinci a kwano daban, in ka yi magana a taro a kalli juna a yi murmushi.

Barira 'yar shuɗi ce. Shekara biyu ke nan fitilar tana tona ta safe da yamma, kuma ko ɗanɗana maganin ba ta taɓa yi ba. Na mahaifinta ne.

Malam Ilyasu shi ne ladanin masallacin Unguwar Maɗinka, shekara arba'in da ɗaya. Sauran masallatan birni duk sun koma kiran salla na inji, nasu ne kaɗai dattawa suka kafe sai dai mutum mai numfashi. Da ciwon daji ya shiga ƙashinsa, aka gwada masa ƙwayoyin kashe raɗaɗi iri-iri, ƙodarsa ta ƙi su, ya yi ta amai yana sambatu har ya kasa gane azahar daga la'asar. Likita ya ce abu ɗaya ya rage, man wiwi na asibiti, ɗigo shida a ƙarƙashin harshe safe da yamma. Malam ya tambayi malamai, suka ce lalura ce, babu laifi. Amma da aka kawo maganar rajista, sai ya ce atafau. Shi da jama'a suke jin muryarsa sau biyar a rana, inji ya kira shi ɗan wiwi a gaban masu ƙosai? Gara ciwon ya cinye shi.

Kwana tara Barira tana jin yadda yake cizon filo don kada maƙwabta su ji. Rana ta goma ta tuna ta taɓa faɗowa daga tsani ta tsage ƙashin baya. Ta warke tuni, amma tabon yana nan a hoton asibiti. Ta je ta zauna gaban wani likita tana yamutsa fuska, ya rubuta mata, aka dasa mata tambarin rajista a bayan hannu. Ta dawo ta ce wa mahaifinta akwai wata hanya da asibiti ya ware wa malamai, ana ba da magani ba tare da suna ba. Ya yarda, don bai taɓa kama ta da ƙarya ba. Gidansu manne yake da masallaci, ba ƙofar Shinshinau tsakaninsu, shi kuma daga nan bai sake fita unguwa ba.

Ga inda abin ya fi ban takaici. Duk Maɗinka an san 'yar Ladan ta zama 'yar shuɗi. An yi gulmarta a wajen famfo, an janye yara daga jikinta. Amma ba wanda ya gaya wa Malam, wai don tausayi, kada a ƙara wa tsoho ciwo a kan ciwo. Ita tana rufa masa asiri a wajen unguwa, unguwa tana rufa mata asiri a wajensa, kowa yana ganin shi ne mai kirki.

"Barira! Sauko ki ga amarya!"

Injiniya Lurwanu ne, shugabanta a wajen aiki, mutum mai tumbi da fara'a, rungume da akwatin sanyi. Ta sauko tana goge hannu. Ya buɗe akwatin a hankali, ga sabon faifai yana sheƙi a cikin tururin ƙanƙara.

"Shinshinau na Huɗu ke nan," ya ce.

"Oga, me ya fi na yanzu da shi?"

"Na yanzu ai wawa ne. Da ya ga tambari a hannu sai ya kunna shuɗi, bai damu da ko an sha ko ba a sha ba. Wannan kuwa magana yake yi da injin rarraba magani na asibiti. Ya san ranar da mutum ya karɓi kwalba, ya san ɗigo nawa aka rubuta masa, sai ya auna numfashi ya ga ko sun yi daidai. Masu karɓa su sayar wa 'yan iska, kwanansu ya ƙare."

"In ba su yi daidai ba fa?"

"Sabuwar fitila, ruwan ɗorawa. Karkatar da magani, shekara bakwai ba beli." Sai ya tuna da wa yake magana, ya sosa ƙeya. "Ke ai ba ruwanki, tunda kina shan naki. Ya ciwon bayan?"

"Da sauƙi, Oga."

"Madalla. Nan da mako biyu duk ƙofofi za su samu. Na unguwarku ke za ki ɗaura, Asabar ta sama, ki yi wa mutanenki gata."

Ta ce to, ta koma kan tsani, ta daɗe tana kallon tsohon faifan ba ta zuba masa komai ba.

Kada a ce ba ta yi tunanin dabara ba. Ta san ruwan kanwa yana toshe hancin na'urar, amma sabon faifan a liƙe yake zuwa, in aka taɓa shi da kansa yake kai ƙara. Ko ta toshe na Maɗinka, tsakanin gida da asibiti ƙofa huɗu ce, kuma kwalbar sai mai tambari ya je da kansa ake ba shi. Don haka ta yi abin da ya rage mata, ta raba maganin biyu. Uku a bakin tsoho, uku a nata, a ɓoye a bayan ƙyaure.

Abin bai yi wa kowa daɗi ba. Ita jikinta bai saba ba, kanta ya riƙa yawo, sau biyu tsani yana neman kayar da ita. Shi kuma ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Rana ta huɗu tana tsakar gida tana tsince shinkafa ya fara kiran la'asar. Ya ja shahada lafiya, da ya zo Hayya alas salah sai muryar ta tsinke a tsakiya, kamar an taka igiya. Aka yi shiru mai tsawo a lasifika, ana jin numfashinsa yana fita da ƙyar, sannan ya ƙarasa da muryar da ba ta san shi da ita ba. Ta ajiye faifan shinkafar ta shiga ɗaki ta yi kuka har idonta ya kumbura.

Da ta gama kukan, ta ɗauko ƙaramin ma'aunin da suke gwaji da shi a wajen aiki, ta hura. Rabin abin da ake nema ya nuna. Na Huɗu ba ya karɓar rabi. Ko dai ta shanye shidan ta bar tsoho da filo a baki, ko ta ba shi shidan ta tafi gidan yari shekara bakwai, shi kuma maganin ya yanke gaba ɗaya. Mafita ɗaya ce tak, ya yi rajista da sunansa kafin Asabar.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ta same shi a kan buzunsa a inuwar zaure, ya jingina da bango, gumi na tsattsafo masa a goshi. Ta durƙusa a gefe. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa ba ya kiran sunanta.

"Uwata, ina jin maganin nan sun fara sirka shi."

"Baba, dama a kansa na zo mu yi magana."

"Kafin ki fara, kin ji abin da ya sami Tela Maikano? Ya raka ɗansa neman aure Unguwar Majema, da manya da goro da komai. Suna shiga ƙofa inji ya kira shi a gaban surukai. Mutumin da ya ɗinka wa rabin garin nan likkafani! Ya zo nan jiya yana kuka kamar yaro." Ya girgiza kai. "Na ce masa ya yi haƙuri, amma a raina na ce, Allah na gode maka da ka ba ni 'ya mai hankali, ta samo mini hanyar da ba suna. Wallahi Uwata, ran da aka yi mini haka, ranar zan mutu ko da ina numfashi. Allah ya yi miki albarka. Me za ki ce?"

Ta buɗe baki. Ta dubi hannunsa a kan carbi, ta dubi farin gemunsa.

"Cewa zan yi na gano inda matsalar take, Baba. Daga yau zai dawo daidai."

Da yamma ta ɗiga masa shida cur. Ya yi barci mai daɗi, washegari ya kira azahar da murya tangaram, har wani yana cewa Ladan ya koma saurayi.

Asabar ce. Bayan azahar motar ma'aikata ta tsaya a ƙofar Maɗinka, mutane suka taru kallo, don sabon abu ba ya rasa 'yan kallo a unguwar nan. Barira ta hau tsani, ta zare tsohon faifan, ta zura sabon, ta haɗa jijiyoyinsa guda tara ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne da ta iya, kuma ta yi shi da kyau, don ba ta san yadda ake yin sa da muni ba.

Masu wankin hanci suna da wata al'ada tun zamanin Shinshinau na Ɗaya. Wanda ya ɗaura, shi ne farkon wucewa, don in akwai kuskure ya fara a kansa.

"Bismillah," Injiniya Lurwanu ya ce yana dariya. "Mai ɗauri ke buɗe ƙofa."

Ta gyara mayafinta ta shiga. Ta ji 'yar iskar nan mai sanyi ta shafi fuskarta. Ɗaya, biyu. Fitilar ta kawo ruwan ɗorawa, launin da ba wanda ya taɓa gani a ƙofa, kuma ƙyauren gilashi ya rufo gaba da baya.

"Mai rajista, babu isasshen magani a jiki. Ana zargin karkatarwa. Tsaya inda kike."

Dariyar Injiniya ta mutu a fuskarsa. "Kai, kuskure ne wannan! Barira, jijiya ta nawa kika juya?"

"Ba kuskure ba ne, Oga," ta ce. "Lafiyarsa ƙalau."

Aka shigar da ita ɗakin masu gadi da ke jikin ƙofar, a jira motar 'yan sanda. Ɗakin yana da tagar gilashi mai kauri da ke kallon ƙofa, da lasifika mai kawo sautin waje, amma na ciki ba ya fita. Doka ta ba kowane kamamme lauya nan take, don haka allon bango ya kunna kansa, wata mata mai tabarau ta bayyana, da alamar ta gaji. Ta ce sunanta Barista Hansatu.

"'Yar uwa, ba mu da lokaci. Wa kike ba maganin?"

"Sayarwa nake yi."

"Haba. Mai sayarwa ba ta ɗaura tarkon da zai kama ta. Marar lafiya ne a gida, ko?"

Barira ta ce, "A ce haka ne. In ya fito ya ce shi ne, me zai faru?"

"Ke laifinki ya koma yi wa likita ƙarya, kora daga aiki da ɗaurin talala. Shi kuma mai sha ne ba rajista. Kwana casa'in a Gidan Tsarkake Jini, ba ɗigo ko ɗaya, sai jikinsa ya fita tas sannan a karɓi rajistarsa."

"Ko da ciwon daji ne? Ko da takardun asibiti a hannunsa?"

"Ko da shi ne ciwon da kansa. Dokar ba marar lafiya take karewa ba, mai rajista take karewa. An saka wannan sashe ne don kada mashaya su riƙa fakewa da ciwo bayan an kama su. Shekara shida muna roƙon a gyara."

"To sayarwa nake yi, Barista. Ki rubuta haka."

Daidai nan hayaniyar waje ta ɗauke ɗif. Barira ta juya ta dubi taga. Mutane suna darewa gefe biyu, ga Malam Ilyasu yana tahowa da farar rigarsa ta Juma'a, sanda a hannun dama, wata leda a hagu. Daga baya ne ta ji cewa maƙwabciyarsu Iya Atine ce ta ruga ta gaya masa, ta haɗa da duk abin da unguwa ta haɗiye shekara biyu.

Ya tsaya taku uku daga ƙofar, ya juya ya fuskanci jama'a. Muryarsa ta shigo ɗakin ta lasifika.

"Ashe shekara biyu kuna yi wa 'yata kallon da ni ya kamata ku yi wa. Kuna gaishe ni da asuba, ku zage ta da hantsi, kuka ɓoye mini wai tausayina kuke ji. To ba laifinku ba ne ku kaɗai. Ni ne na fi son mutuncina a kan gaskiya, ita kuma ta saya mini shi da nata. Yarinyar nan ko sigari ba ta sani ba. Ni ne mai shan maganin, ni Ilyasu ladaninku. Yanzu inji zai faɗa, ku buɗe kunne ku ji."

Barira ta yi tsalle ta kai wa gilashin duka da hannu biyu. "Baba! Kada ka shiga! Baba, ba haka dokar take ba!" Ta doka har tafinta ya yi ja. Ya hango ta, ya ɗaga mata ledar yana murmushi, irin murmushin kada ki damu. Takardun asibitinsa ne a ciki. Shi a saninsa kunya ce kawai zai biya, kuma ya riga ya yarda ya biya. Shekara da shekaru yana jin inji yana cewa doka ta kare ka, ya ɗauka da marasa lafiya ake.

Ya yi bismilla ya shiga. Ɗaya, biyu. Ja.

"Mai shan haramtaccen abu, babu rajista. Tsaya inda kake."

Ƙyauren ya rufe. Tsohon ya ciro takardun ya nuna wa fitilar, ya juya ya nuna wa mai gadi. "Ga su nan, ɗana. Ni ne majinyacin. Duba hatimin likita." Mai gadin, ƙaton mutum da ya tashi da kiran sallar Malam a kunnensa, ya kawar da kai yana share ido da hularsa.

"Baba Ladan, wallahi ba ni da mabuɗinsa. Ba mai mabuɗinsa."

Shari'ar ba ta kai minti goma ba, kuma komai ya tafi yadda Barista Hansatu ta faɗa. An kori Barira daga aiki, an cire mata tambari, an sake ta. An tafi da Malam. Lauyar ta ɗaukaka ƙara, aka ba ta rana bayan wata huɗu. Mutanen Maɗinka, waɗanda suka riƙa janye 'ya'yansu daga jikin Barira, su ne yanzu suka cika takardar koke da sa hannu, suna shigowa gidan da kwanukan abinci suna kasa haɗa ido da ita. A mako na biyu dattawa suka haƙura aka ɗaura injin kiran salla. A wannan makon ne hukuma ta yi bikin cewa Na Huɗu bai yi kuskure ko sau ɗaya ba a cikin gwaji miliyan uku. Ba su yi ƙarya ba, abin da ya fi ci mata rai ke nan.

Sai rana ta goma sha tara aka ba ta izinin ziyara, minti goma, da hantsi.

Gidan Tsarkake Jini wuri ne mai tsabta, da sanyi, da furanni a tukwane. Wata ma'aikaciyar jinya ta kai ta gaban wani ɗaki, ta nuna mata kujera a bakin gilashi, ta kunna lasifika. Barira ta duba gadon ta ce an yi kuskuren ɗaki. Ba a yi ba. Mutumin ya ƙare, sai ƙashi da ido. An ɗaure wuyan hannunsa da laushin ƙyalle a jikin gadon.

"Yakushin kansa yake yi in abin ya motsa," ma'aikaciyar ta ce a hankali. "Mun gwada sauran magungunan, ƙodarsa ba ta ɗauka. Yanzu ya ɗan lafa, ki yi sauri."

"Baba. Ni ce."

Ya juyo da kai. Muryar da ke kaiwa har Unguwar Majema ba lasifika ta dishe, ihu ya cinye ta, sai da ta manna kunne sannan ta ji.

"Uwata. Ki je ki ce musu na yarda. Su rubuta sunana. Su faɗa a kasuwa, su faɗa a tasha, su sa a lasifikar masallaci in suna so. Ki ce musu ni ɗan wiwi ne, ni ɗan shuɗi ne, duk sunan da suka ga dama. Ɗigo ɗaya, Uwata. Ba shida ba, ɗaya."

"Na cika takardar tun ranar farko, Baba."

"To ina yake?"

Ta ɗaga kai don kada ya ga hawayenta, idonta ya sauka a kan allon da ke saman gadon. Lambobi biyu ne a jikinsa. Na sama saba'in da ɗaya, na ƙasa talatin da uku. Ta kashe lasifikar ta tambayi ma'aikaciyar.

"Na sama kwanakin da suka rage masa a nan ne." Matar ta nuna ɗaya lambar. "Na ƙasa hasashen gadon ne. Yana auna jini da bugun zuciya, ya ƙiyasta kwanakin da jikin zai iya kaiwa."

Ajali na Allah ne, Barira ta san wannan. Ta kuma san na'urorin garin nan ba su cika kuskure ba, shekara goma sha ɗaya tana wanke ire-irensu.

"Allo ɗaya ne fa," Barira ta ce. "Waɗanda suka iya koya wa gilashi jin warin ɗigo ɗaya a cikin taron kasuwa, ba wanda ya koya wa wannan ya dubi na sama ya dubi na ƙasa?"

"Na sama daga sashen shari'a yake zuwa, na ƙasa daga sashen lafiya. Ba sa magana da juna. Saura minti biyu, 'yar uwa."

Ta kunna lasifikar. Yana ta motsa baki, yana jiranta.

"Sun ce sai na cika kwanakin, ko? Ba na iya ganin allon daga nan, kuma lissafi ya ɓace mini. Saura nawa in fita?"

Ta yi alkawari a ranta, tun ranar ƙofa, ba za ta sake yi masa ƙarya ba har abada. Ta dubi saba'in da ɗaya. Ta dubi hannuwansa a ɗaure.

"Talatin da uku, Baba."

Ya lumshe ido, fuskarsa ta ɗan saki.

"Alhamdulillahi. Ashe tasbihi ɗaya ne. Zan iya ja, Uwata, ki daina kuka. Zan iya."

Ƙararrawa ta buga, lasifikar ta mutu da kanta. Ta gilashin tana ganin babban yatsansa yana bin gaɓoɓin sauran yatsun a hankali, ya fara daga ɗaya.